Abin da Tabaryar Inna Ta Faɗa

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da gidan su Henriette a Dogon Dutsi, kuma ba ta kai kafaɗar babban mutum ba. Gishiri da garwashi da labarin unguwa duk ta samanta suke wucewa. Su kiristoci ne, mu musulmi. Innata da mahaifiyarsu, Maman Salomé, sun yi shekaru suna daka a lokaci ɗaya, kowace a tsakar gidanta, tabarya na amsa tabarya.

Tare aka sa mu lakkol, wato makarantar boko, da Henriette. Ni na tsaya a aji uku, domin ko abin da na sani aka tambaye ni, bakina ba ya buɗuwa. Ita ta ci gaba har ta samu aikin asibiti a Damagaram. Ranar da za ta tafi, wajen shekara guda bayan rasuwar Inna, ta kira ni bakin katanga ta ɗora mini wani ɗan abu baƙi a tafin hannu, bai fi farcen ƙaramin yatsa ba. Kat ne na waya, irin wanda ake zuba waƙoƙi a ciki. Ta ce wanta Hervé ne ya aiko da shi daga ƙasar waje inda yake karatu, albam ne da ya haɗa da hannunsa, kuma ya ce a ba ni, ni Sa'a, ba wani ba. Na tambaye ta wane irin kiɗa ne. Ta ce elektiro ne da wani abu wai shi tirip hop. Na rufe baki ina dariya, ita ma ta yi, sai ga ɗan kabu-kabu ya iso zai kai ta tasha.

Da na sa kat ɗin a 'yar wayata raina ya ɓaci, don na ɗauka wayar ce ta lalace. Da farko wani shuu ne kawai, kamar ana suya a gida na uku. Sannan bugu ya shigo yana jan ƙafa, kamar jakin da ya wuni cikin yashi. Muryar wata mace ta taso, ta yi rabin kalma, ta koma, ta sake dawowa da rabin nan. Na cire batir na mayar. Na kai wayar sharji ta cika. Babu abin da ya sake.

Sai na ja hijabi har goshi na tafi kasuwa wurin Ɗantala, mai gyaran waya da zuba waƙoƙi. Ɗantala yana da hali ɗaya da duk gari ya sani. Kowane kat aka miƙa masa, sai ya fara sa shi a ordinatarsa, kwamfutar aikinsa, ya sake shi a babbar lasifikar da ke ƙofar rumfa. Wai likita ba ya ba da magani sai ya ji numfashin mara lafiya. In kuwa gogewa aka ce ya yi, sai ya bi waƙoƙin tun daga ta farko har ta ƙarshe, don kada mai abu ya dawo yana nadama. Ta haka asirin mutane da yawa ya tonu. Akwai wani dattijo mai sayar da igiya da aka ji kat ɗinsa cike da waƙoƙin soyayya, har yau ango ake kiransa.

Ya saki nawa. Shuu ɗin ya cika layin masu takalma, bugun ya biyo baya da wani irin nauyi da 'yar wayata ba ta taɓa nuna mini ba, har na ji shi a ƙashin ƙirjina. Mai tsire ya ce wannan kiɗan masu zazzaɓi ne. Wata mai fura ta tambaya ko rasuwa aka yi. Ɗantala ya karkata kai ya saurara, ya ce wayata lafiyarta ƙalau, mai abin ne ya yi shi haka da gangan.

"Kin san mai damun kunu da sanyin jiki? To shi ne wanga. In abin rawa kike so, in zuba miki."

Na girgiza kai, na karɓi kat ɗina tun waƙar farko ba ta ƙare ba, na dawo gida ban ɗaga ido ba. Amma nauyin nan da ya taɓa ƙirjina ya biyo ni.

Aikina a gida tsintar wake ne. Yayana Halilu yana sayar da wake da gyaɗa a kasuwa, ni da matarsa Ummu muke fitar masa da tsakuwa da ƙwayoyin da ƙwaro ya ci kafin a ɗinke buhu. Aiki ne na ido da yatsu, kunne zaune yake. Yaya ba ya sauraron kiɗa tun da ya fara zuwa karatu masallacin bakin tasha, ko a rediyo aka sako sai ya murɗa. Bai taɓa yi mini maganar wayata ba, ni ma ban kai masa ba. Da rana tsaka, in Ummu ta shiga kwantar da 'yarta, sai in ja tirena zuwa inuwar bayan ɗakin Inna, in rage murya, in bar albam ɗin ya yi ta tafiyarsa.

A hankali na daina jiran ya yi sauri. Kiɗan biki kama mutum yake yi da hannu ya ja shi tsakiyar fili, abin da na fi tsoro a duniya ke nan. Wannan kuwa zuwa yake ya zauna kusa da kai, ba ya tambayarka komai. Bugun yana barin fili mai faɗi tsakanin ɗaya da ɗaya, har mutum ya yi numfashi ya tuna wani abu kafin na gaba ya sauka. Ƙarƙashinsa akwai wani sauti mai kauri da ke juyawa kamar hadari yana haɗuwa can wajen Matankari. Samansa kuma wani abu mai taushi, irin piyanon cocin su Henriette idan iska ta kawo mana shi ranar Lahadi. Matar da ke waƙa ba ta gama magana. Takan fara, ta yi shiru, ta bar kalmar tana yawo ita kaɗai. Ban san harshenta ba, amma na san wannan halin, nawa ne.

Sunayen waƙoƙin da Faransanci suke, sai na raɗa musu nawa. Ta farko na kira ta Zazzaɓi, don girmama mai tsire. Akwai Ta Ruwa, wadda in ta zo sai in ji ƙanshin ƙasa ko da rani ne. Akwai wadda ba na so sosai, mai wani ƙara kamar ana goga ƙarfe a dutse, amma ban taɓa tsallake ta ba, don na lura ita ke sa ta bayanta daɗi. Ta bayan nan ita ce Ta Rijiya. Cikinta murya tana sauka ƙasa tana dawowa biyu-biyu, ruwa yana ɗiga, wani abu yana ƙiiƙ, ƙiiƙ. Wata rana hannuna yana cikin wake sai na tsaya cak. Na san wannan kukan. Ƙarfen jan guga ne na rijiyar unguwarmu, wanda babu man da ya taɓa sa shi yin shiru.

Sai na tuna wani bakans, hutun makaranta, da Hervé ya zo gida da 'yar na'ura mai gashi a kai kamar jelar zomo. Ya yi ta yawo da ita yana miƙa wa abubuwa: rijiya, amalanken jaki, zabi, ruwan sama a kan kwano. Mutanen unguwa suka ce lakkol ta juya masa kai. Ashe abin da yake tarawa ke nan. Daga ranar na koma sauraro kamar mai neman kayanta a cikin kayan mutane. Na tsinci zabin gidan liman a Ta Ruwa. Na tsinci ƙararrawar mai sayar da kalanzir. Hervé ya ja su, ya lanƙwasa su, ya sa musu hazo, har sun zama kamar garinmu a mafarki, amma su ne.

Waƙar ƙarshe ta fi kowace tsawo, kuma bugunta daban yake. Biyu masu nauyi, sannan ɗan ƙwas a bakin turmi. Biyu masu nauyi, ɗan ƙwas. Duk unguwarmu mace ɗaya ce take daka haka, tana kaɗe garin da ya manne wa tabarya ba tare da ta tsaya ba. Ina goye a bayanta na fara jin wannan bugun. Hervé ya roƙi Inna ya ɗauki dakanta, na tuna, ta yi dariya ta ce tabarya ba ta da mayafi balle a nemi izininta. Ya ɗora na'urar a kan katanga ya tafi abinsa, ni kuma aka aike ni rijiya.

Can tsakiyar waƙar akwai wata murya nesa-nesa da 'yar wayata ta kasa fitarwa. Na yi ta manna ta a kunne. Maman Salomé ta hango ni ta saman katanga, ta ce zan ƙone kunnena, ta miƙo mini tsohon ekuter, abin sauraro na kunne, da Henriette ta bari. Na sa wayoyin biyu a kunne, na koma waƙar ƙarshe.

Da aka zo wurin, duk sauran sautuka suka janye, aka bar tabarya da wata siririyar iska. Sai Inna ta fara waƙa, da muryarta ta aiki, numfashi yana yanke ta:

Baki na da kunya, tabarya ba ta da ita,
Halilu, Halilu nawa.
Kai ka buɗe mini ƙofa,
ka ci ka ƙoshi inda kake.
In an tambaye ni, ban san ka ba,
turmi ya san ka.

Hervé ya bar sunan ya maimaita kansa yana nisa, yana nisa, har piyanon ya dawo ya rufe shi.

Yaya shi ne ɗan fari. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakin Inna ba. Wancan take cewa, ko yayanku. In ya shigo ta ƙofa sai ta sami abin dubawa a cikin tukunya. Ana yaye shi aka kai shi Dogon Kiriya wurin kakarmu, bai dawo ba sai da Baba ya rasu ya zo riƙe gida. Lokacin ciwonta na ƙarshe shi ya ɗauke ta a hannu ya sa a mota, shi ya yi ta zarya asibiti. Ranar da ya durƙusa gaban gadonta yana tambayar jiki, ta juya fuska bango ta ce mini, ki ce ma yayanki Allah shi yi albarka. Yana nan, tsakaninsu bai fi kamu ɗaya ba.

Bai taɓa kuka da ita ba. Abin da yake cewa kawai, wannan al'ada ce, ba addini ba. Da Ummu ta haifi 'yarsu ta fari sai ya riƙa ɗora ta a wuya yana zagaya tsakar gida yana kiran Sumayya, Sumayya, har maƙwabta su ji. Ya kuma ce lallai Ummu ta riƙa kiran sunan ko gaban wa. Takan kira, amma can ƙasa-ƙasa, kamar mai satar nama a miya.

Na rasa yadda zan yi da abin da na ji. Inna ta riƙe wannan sunan a bayan haƙoranta har kabari. Ina ganin mantawa ta yi da na'urar, ta ɗauka daga ita sai turmi. In na kai wa Yaya, na yaye mata mayafi tana kwance ba ta iya karewa. Sai na yi shiru, wanda shi na fi iyawa. Kullum da rana ina bin albam ɗin tun daga Zazzaɓi, ba na tsallake ko ɗaya, don in isa wurin Inna a hankali kamar mai zuwa gaisuwa.

Wata rana Ummu ta yi ta kirana ban ji ba. Ta zagayo ta same ni ido rufe, ina rangaji, hawaye har cikin wake. Ta zare waya ɗaya daga kunnena ta sa a nata. Ta Rijiya ce ke tafiya, muryar nan tana sauka tana dawowa biyu-biyu. Na ga fuskarta ta sauya. Dangin Inna mutanen Lugu ne, kuma tana da ƙanwa a can da ake buga wa goge ta hau bori. Ummu ta tofa mini addu'a a ka, ta ɗauke tiren ta ce in je in kwanta. Ita a ganinta doguwa ce ta biyo jini tana kirana ta cikin waya.

Bayan la'asar Yaya ya kira ni zaure. Bai ɗaga murya ba, bai taɓa ɗaga mini ba. Ya ce ya san kewar Inna ke damuna, kuma zuciya mai kewa ƙofarta a buɗe take, kowane iri yana iya shiga. Ya ce in ba shi kat ɗin, ranar kasuwa zai kai wa Ɗantala ya goge ya zuba mini karatun Alƙur'ani na masu murya mai daɗi, zan ji sanyi fiye da wannan. Ya miƙo hannu. Ban gaya masa muryar Inna na ciki ba. Na ciro kat ɗin na ba shi da hannu biyu, ya sa a aljihun gaban rigarsa, ya ce Allah shi yi mini albarka.

Na san Hervé yana da wani kwafin albam ɗin a can inda yake. Amma abin da Yaya ya fitar daga gida ba zan sake shigo da shi ta bayan katanga ba, ba haka muke da shi ba. In aka goge, ni da muryar Inna sai a lahira. Kuma kafin a goge, Ɗantala zai bi waƙoƙin har ta ƙarshe a lasifika, mai tsire da mai fura da duk layin masu takalma su ji abin da ko ɗanta ba ta bari ya ji ba.

Da safiyar ranar kasuwa, bayan Yaya ya fita da buhuna a amalanke, na tsaya bakin katanga ina murza gefen hijabi. Maman Salomé tana wanke-wanke. Ta dube ni sau ɗaya ta ce in faɗi ko in matsa mata daga rana. Na faɗa mata duka, kaina a ƙasa, ban iya maimaita sunan ba sai na ce sunan Yaya.

Ta ɗauraye hannu ta zo ta jingina da katangar. Ita ma Hervé ne ɗanta na fari, ɗan lakkol ɗin nan take ce masa, coci ba ta raba ta da wannan ba.

"Wa ya ce miki mancewa ta yi? Abu da gashi tsaye bisa katanga yana kallonta?"

Na ce to ai ba za ta yi da gangan ba.

"Ran nan da marece, nan inda kike tsaye, ta tambaye ni, abin ga na yaronki, har yaushe shi ka riƙon magana? Na ce mata har bayan mai maganar. Ta ce to. Ta koma ga tuwonta." Ta dube ni. "Shekarar yayanki na Kamba wajen koyon kasuwa, ko labarinshi ba a samu. Saƙo ne anka ba ki, ɗiyata. Kin riƙe shi ya isa."

Na tambaye ta ko ita ma ta yi wa na'urar waƙa. Ta ce Allah shi kiyaye, ta gaya wa ɗan lakkol ɗin nan in ya kuskura ya kawo zomonsa kusa da turminta sai ta daka shi. Ta koma kan kwanoninta, sai na ji tana cewa, ba da ni ba, wai bakans mai zuwa a gani.

Ban san yadda na ratsa kasuwa ba. Ranar kasuwa ce, mutanen ƙauyuka sun cika ko'ina, jakuna da amalanke da masu kabu-kabu. Tun daga layin masu tukwane na jiyo shuu ɗin nan, sannan bugun Zazzaɓi. Mai tsire yana cewa ga mara lafiyar nan ya dawo. Yaya yana tsaye ƙofar rumfa ya harɗe hannu, fuskarsa a ɗaure, Ɗantala kuwa yana jin daɗinsa, yana cewa ashe Malam Halilu ma ana taɓawa a ɓoye. Ya danna, Ta Ruwa ta shigo. Ya danna, ga ta goga ƙarfe. Ba ya barin kowace ta daɗe.

Na tsaya bayan Yaya na ce, Yaya. Bai ji ba. Ta Rijiya ta shigo. Na kama gefen rigarsa na ja, abin da ban yi ba tun ina yarinya. Ya juyo.

"Ka ce ya kashe."

"Mi ya kawo ki nan, Sa'a?"

"Inna na ciki."

Ban san da ƙarfi na faɗa ba sai da na ga mai fura ta juyo. Yaya ya dube ni, ya ɗaga wa Ɗantala hannu. Lasifikar ta yi shiru daidai lokacin da tabarya ta sauka sau biyu. Ɗantala ya buɗe baki zai yi wasa, ya ga fuskar Yaya, ya zare kat ɗin ya miƙo.

Muka tafi rumfar Yaya, yana gaba ina baya. Ya shiga can ciki bayan buhunan wake inda yake sallah in kasuwa ta cika, ya zauna a kan buzunsa. Na durƙusa na mayar da kat ɗin cikin wayata, na nemo waƙar ƙarshe na miƙa masa ekuter. Bai karɓa nan da nan ba.

"Kin san ba ni sauraren kiɗi."

"Na sani, Yaya. Aike ne."

Ya yi bisimilla ya sa ɗaya a kunnen dama, ya bar ɗayan yana lilo a ƙirjinsa.

Ba na jin komai daga inda nake, amma na san waƙar kamar hanyar rijiya. Na ga lokacin da ya gane dakan, don girarsa ta motsa, yatsansa kuma ya yi ɗan ƙwas a gwiwa. Na san inda piyanon ke shigowa, na ga ya ɗaure fuska. Sai wata tsohuwa ta tsaya gaban rumfa tana sallama, tana son tiya biyu ta wake. Yaya bai ji ta ba. Na tashi na fita, ni da ban taɓa sayar da ko allura ba, na auna mata na cika har ya zubo, ta ce Allah shi ba ni miji mai hannu irin nawa. Da na dawo na tarar ya ɗauki ɗayan ya sa a kunnen hagu, ya dafe su duka biyu da tafin hannu, kansa a sunkuye.

Waƙar ta ƙare, bai cire ba. Can ya ce in mayar da ita wurin. Na mayar. Ya sake ji. Da ya ɗago idanunsa sun yi ja, ya ce ƙurar wake ce, na ce e, wannan buhun akwai ƙura.

Ya tambaye ni yaushe aka ɗauka, na gaya masa, har da abin da Inna ta tambayi Maman Salomé. Ya daɗe yana juya wayar a hannu.

"Bugun ga duka, tabaryarta ce?"

"Ita ce."

"To ai daka ne." Sannan ya ƙara da cewa, don shi ba ya yaudarar kansa, "Sauran da yaron ga ya zuba a kai, Allah shi gafarta muna, ni da shi."

Ya miƙo mini wayar da kat ɗin a ciki. Ya ce in riƙa sa abin kunne, kada in saki a tsakar gida, kuma in an kira sallah in kashe. Ya ce zai yi wa Ummu bayani da kansa, ta daina tofa mini addu'a a abinci. A hanyar komawa gida na bi ta gaban Ɗantala, ya ƙwala mini cewa Malam ya riga ya aiko a zuba karatu a sabon kat, in zo gobe in karɓa, kuma wannan ma sai ya ji numfashinsa.

Yanzu kat biyu gare ni. Na karatu da safe, na Hervé da rana tsaka. Na roƙi Maman Salomé in ɗan lakkol ɗin nan ya kira ta gaya masa na ji, kuma Ta Rijiya ta fi, amma ta goga ƙarfen nan ya rage mata. Ta ce ba za ta faɗa ba, kansa zai ƙara girma.

Yaya bai sake tayar da maganar ba, har na ɗauka shi ke nan. Sai ran nan ya dawo daga kasuwa da wuri, rana ba ta karya ba. Ya zagayo bayan ɗakin Inna inda nake tsinta, ya ja turminta da muka kife tun rasuwarta ya zauna a kai. Ya ɗebi waken da na tsince yana dubawa, ya ce akwai sauran tsakuwa, alhali babu. Sumayya ta biyo shi tana tatata, ya ɗora ta a cinya. Sannan ya miƙo hannu ba tare da ya dube ni ba.

"Kai ni wurin dakan."

Na ce da saura, yanzu muke Ta Ruwa, ni kuma ba na tsallakewa. Ya ce to zai jira. Na zare na kunnen hagu na ba shi, na riƙe na dama, wayar ta yi gajarta har sai da ya sunkuyo. Muka bi ta ruwan sama da zabin gidan liman da ƙarfen rijiya, yana gyaran murya duk inda piyano ya yi yawa. Da tabarya ta fara sauka, biyu masu nauyi da ɗan ƙwas, Sumayya ta kai hannu za ta fizge wayar, ya riƙe 'yan yatsunta a cikin nasa. Sauran sautuka suka janye. Inna ta ja numfashi za ta fara, sai Yaya ya juya fuskarsa bango.